Yadda Ake Gwada Abin Kashe Ƙarfin Igiyar Ruwa Kafin A Kashe Kuɗi A Bakin Gaɓa

Mutane iri biyu ne suka dame ni da tambayar yadda za a gwada abin da zai kashe ƙarfin igiyar ruwa a bakin gaɓa. Akwai malaman kimiyya na makarantun karkara da ke neman aikin da ɗalibai za su yi da hannunsu ba tare da kayan waje ba. Akwai kuma masunta da masu fito na bakin manyan madatsun ruwanmu, irin Tiga da aka kammala a 1974 da Challawa ta Ƙaraye da aka gama a 1992, waɗanda igiyar ruwa ke cinye musu gaɓa, tana gwara musu kwale-kwale da juna duk lokacin da iska ta taso. Su na biyun kusan kullum da shawararsu a hannu suke zuwa: a haɗa kuɗi a ja bangon bulo a shafe shi da siminti. Wannan shawarar ce nake so kowa ya gwada a ƙaramin kwami kafin ya sayi buhun siminti ko ɗaya.

Bango mai santsi da ke tsaye ƙyam ba ya kashe igiya, mayar da ita yake yi. Wadda ta dawo ta haɗu da mai zuwa, sai ruwan gaban bangon ya riƙa tashi har kusan ninki biyu, yana kuma ƙwaƙule ƙasar da ke gindinsa. Ka jefa ƙwallo a jikin bango ta dawo maka, ka jefa ta a tarin yashi ta kwanta nan take. Abin da ake nema a tashar jirgi shi ne wanda zai shanye ƙarfin igiyar, shi zan riƙa kira mashanyi. Injiniyoyin manyan tashoshin teku ma, irin ta Lekki da aka buɗe a 2023, ba da ka suke zaɓensa ba. Ƙaramin samfuri ake fara ginawa a ɗakin gwaji a tura masa igiya a auna. Hanyar tasu ce za mu bi, da katako da tsakuwa da wayar hannu.

1. Fara da bakin ruwa, ba da kafinta ba

Nan ne mafi yawan mutane suke tsallakewa, kuma duk wanda ya tsallake shi gwajinsa wasan yara ne. Ba za ka san irin igiyar da za ka ƙirƙira a kwami ba sai ka san wadda ke dukan gaɓarka.

Nemi gora mai tsawon mita 3, ka yi mata zoben fenti ja da fari, kowane zobe santimita 10. A kafa ta a inda jiragen ke tsayawa. Kafin haka ka je ka gaida Sarkin Ruwa ka yi masa bayani, ka ce, "Ranka ya daɗe, so muke mu auna igiyar nan, wane lokaci ta fi tashi, kuma daga ina take bugowa?" Amsar da zai ba ka a zama ɗaya ta fi abin da za ka tattara a wata guda. A yankinmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta daɗe tana kaɗawa, hadarin damina kuwa yawanci daga gabas yake tasowa da ƙarfi na ɗan lokaci. Gaɓar da iska ta ratso doguwar shimfiɗar ruwa kafin ta iso gare ta ita ce ke shan duka. Wadda ke bayan tudu ko cikin lungu ƙila ba ta buƙatar komai.

Abu uku za ka rubuta. Zurfin ruwa a gindin gorar. Yawan igiyoyin da suka wuce ta cikin minti ɗaya, sai ka raba 60 da adadin don ka sami tazarar lokaci tsakanin igiya da igiya. Sai tsayin igiyar, daga inda ruwa ya fi sauka zuwa inda ya fi hawa a jikin gorar. Na ukun ido ba ya kama shi daidai, ɗauki bidiyo na minti biyu ka kalla a nitse a gida. Kada ka ɗauki matsakaicin duka igiyoyin. Ware manyan cikinsu, kashi ɗaya cikin uku, ka ɗauki matsakaicinsu, don su ne masu ɓarna.

Gargaɗi: wanda ya iya ruwa ne zai kafa gorar, da rigar kariya a jikinsa, a lokacin da ruwa ke kwance. Ba a tura ɗalibi. Idan hadari ya haɗo, awo daga tudu ake yi.

Ka kuma tambayi inda ruwa ke kaiwa a watan Satumba da inda yake komawa a bazara bayan an sha sakinsa don noman rani. A wasu wuraren gaɓar kan ja baya da nisa sosai, har tashar jirgin ta bi ta. Wannan bayani zai yi maka amfani a mataki na 8.

2. Rage girman komai da lissafi ɗaya

Ina ba da shawarar a rage komai sau 9. Dalilin zaɓen 9 shi ne ƙa'idar da ake bi a irin wannan gwaji, wadda ke ɗauke da sunan injiniyan Ingila William Froude: idan ka raba tsawo da wani adadi, lokaci da tushen wannan adadin ake raba shi. Tushen 9 kuwa 3 ne cif, tunda 3 sau 3 shi ne 9, babu ɗigo.

Ga misali. A ce ka sami zurfin mita 1.8, igiya mai tsayin santimita 27, kuma 28 ko 29 ne ke wucewa a minti, wato kusan sakan 2.1 tsakaninsu. A kwami zurfin ruwa zai zama santimita 20, tsayin igiya santimita 3, tazarar lokaci sakan 0.7. Irin wannan igiya tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa zai kai kusan santimita 72. Da waɗannan alƙaluma zan ci gaba. Idan naka sun bambanta, ka sauya su a kan wannan hanya.

Nauyi shi ne mai ruɗi. Shi sau 9 sau 9 sau 9 ne, wato 729. Tsakuwa mai giram 30 a kwami tana wakiltar dutse mai kusan kilo 22 a bakin ruwa.

Kuskuren da aka fi yi: a rage tsayi a manta da lokaci, a riƙa tura igiya duk bayan sakan 2 kamar yadda aka gani a dam. Wannan doguwar igiya ce da babu irinta a wurinka, kuma duk sakamakon da ta ba ka na banza ne. Kada kuma a yi rowar wuri a rage sau 50 don a yi gwajin a baho. Igiyar da ta ƙanƙance haka ba ta yin halin babba.

3. Kaya da inda kuɗin ke tafiya

Falankin filawud biyu masu kauri, irin mai ƙafa 8 da ƙafa 4. Kowanne kafinta zai tsaga shi a tsaye gida uku: santimita 40, 40 da 30. Biyun farko bangaye, na ukun ƙasa. Idan aka haɗa na falanki biyu baki da baki, an sami kwami mai tsawon kusan mita 4.8. Sai ɗan guntun katako na toshe kai da gindi, da katakon tu-bai-tu na ɗaure jiki, da ƙusoshi, da tamfol ko leda mai kauri ta shimfiɗa ciki, da gilashi mai kaurin milimita 6 mai tsawon mita 1 da tsayin santimita 30, da kwalbar silikon daga wajen masu tagogin alminiyom. Sauran duk na tsinta ne: robar cikin taya, tsohon soson katifa, rula, maka, bular wanki, rariya, da sikelin da ke auna giram, wanda za a iya arowa.

Filawud da gilashi da ladan kafinta su ne kusan dukan kuɗin. Farashi ba ya kwana wuri ɗaya a kwanakin nan, don haka ka sa kafinta ya rubuta maka jimilla ranar da za a saya, kuma a sayo komai a tafiya ɗaya idan daga Kano ko Dutse za a ɗauko, saboda kuɗin mota na iya cinye rarar. Wanda ba shi da halin filawud ya jera bulo layi biyu-biyu a kan daɓe, ya shimfiɗa tamfol a tsakani. Zai yi aiki, sai dai babu tagar gilashi, dole a kafa ruloli a cikin ruwa a ɗauko su daga sama a karkace, kuma awon ba ya kai na gilashi kyau. Ni dai in da hali, gilashin nake cewa a saya, ko da za a rage wani abu.

4. Haɗa kwamin

A ƙasa ake ajiye shi, a daɓen da ya daidaita, a inuwa kuma inda iska ba ta shiga. Ruwan da zai ci ya kusa lita 290, jarka 12 ke nan, nauyinsa kuma kusan kilo 290. Teburin aji ba zai ɗauka ba.

A duba daidaiton ƙasa da tiyon ruwa irin na magina. Idan gefe ɗaya ya fi zurfi da santimita 2, igiyar za ta sauya hali a kan hanya. A ɗaure bangayen da tu-bai-tu ta sama duk bayan santimita 60 don kada su buɗe, amma kada a gitta katako a kan mita ɗaya na ƙarshe, nan ne za a riƙa sa kaya ana cirewa. Tagar gilashi ta fara daga mita 1.2 daga ƙarshen kwamin ta ƙare a mita 2.2. Ta ciki ake manna ta, ruwa ya riƙa danne ta a jikin katako. A bar silikon ya kwana ya bushe kafin a zuba ruwa. A jikin gilashin ta waje a ja layuka a kwance duk rabin santimita da maka mai siririn baki, da layuka a tsaye duk santimita 6. A zuba ’yar bula a ruwan don fuskarsa ta fito a bidiyo, a rataya farin ƙyalle a bangon da ke fuskantar tagar.

Gargaɗi: tamfol ɗin ya kwanta sumul. Duk naɗin da ya bari a jikin bango yana cin ƙarfin igiya, sai ka zaci mashanyinka ne ya yi aikin. Kuma ruwa mai zurfin santimita 20 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe. A rufe kwamin idan an tashi, a zubar da ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu saboda sauro.

5. Allon tura igiya

Yanki allo mai tsayin santimita 40, faɗinsa ya gaza na kwamin da rabin santimita. A kafa shi a tsaye santimita 40 daga farkon kwamin, a maƙale gindinsa a ƙasa da robar cikin taya yadda zai riƙa rausaya gaba da baya. A sama a gitta katako biyu, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa, da tazarar kusan santimita 6 ban da kaurin allon. Su ne za su hana hannu wuce gona da iri. Da wannan tazara igiyar za ta fito kusa da santimita 3. In ta gaza a ƙara buɗa su, in ta wuce a matso. Bayan allon a cusa soson katifa don ruwan da ke can kada ya riƙa fantsama.

Hannun mutum ba inji ba ne, shi ya sa ake buƙatar kari. Sauke manhajar metronom a waya, wadda mawaƙa ke amfani da ita, ka sa ta a kan bugu 86 a minti. Kowane bugu allo ya taɓa katakon gaba. Zaɓi mutum ɗaya mai nitsuwa ya riƙe wannan aiki daga farko har ƙarshe, ya yi atisaye har hannunsa ya faɗa. Idan aka riƙa karɓa-karɓa don kowa ya ɗana, ba za a san ko bambancin daga mashanyi yake ba ko daga hannu.

6. Gwajin farko: bangon da babu komai

Kada a sa komai a ƙarshen kwamin. Katakon da ya toshe shi shi ne bangon simintin da ake son ginawa. A kafa waya a kan bulo daidai da fuskar ruwa, ba sama ba ba ƙasa ba, tana kallon taga. A jira ruwa ya kwanta ɗif, a kunna bidiyo, a ce "bismillah, tura," a tura na sakan 20 a tsaya.

Ga abin da za ka gani. Da farko igiyoyi suna wucewa a jere, kowace da tsayinta ɗaya. Can sai ka ga kamar sun daina tafiya. Wani wuri ruwan yana tsalle sama da ƙasa da ƙarfi, ɗan gaba kaɗan, kamar santimita 18, yana nan kusan bai motsa ba, gaba kuma ya sake tsalle. Idan ka jefa ɓawon gyaɗa a wurin tsallen, hawa da sauka kawai zai yi. A wurin da ya lafa kuwa kai da komo zai riƙa yi a kwance. Wannan ita ce igiyar da ta dawo ta ci karo da mai zuwa, kuma ita ce ke sa jirgin da aka ɗaure a gaban bango ya riƙa dukan ɗan'uwansa. Duk wanda ke shakka a kira shi ya tsuguna ya kalli wannan taga da idonsa.

Ba duk bidiyon ake amfani da shi ba, sai tsakanin sakan na 11 da na 17. Kafin nan igiyar da ta dawo ba ta gama cika tagar ba. Bayan nan ta riga ta je ta bugi allon turawa ta sake juyowa, lissafi ya dagule. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata sakamako: a bar allo yana aiki minti guda, a auna a ƙarshe.

A cikin wannan ɗan tsakani, tsayar da bidiyo hoto bayan hoto. Nemo layin tsaye da ruwa ya fi hawa da sauka, rubuta tsayin, shi ne babba. Nemo wanda ya fi lafawa, shi ne ƙarami. Cire ƙarami daga babba, ka raba da jimillarsu. A ce babba 5.5 ne ƙarami 0.5: 5 a raba da 6, ya ba da 0.83. Ma'ana igiyar da ta dawo ta kai kashi 83 cikin 100 na tsayin wadda ta je. Duk lokacin da wannan adadi ya matso sifili, mashanyi ya yi aiki. A maimaita sau uku, a jira ruwa ya kwanta tsakanin kowane gwaji, a ɗauki matsakaici.

7. Gwada mashanya ɗaya bayan ɗaya

Doka guda ce a nan: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Zurfin ruwa da kari da tazarar allo su zauna yadda suke. Kowace safiya a duba layin santimita 20 a cike abin da ya ragu.

Gangaren tsakuwa shi ne zan fi daɗewa a kansa, don shi ne wanda akasari za a ƙare da shi. Samo tsakuwar kwari mai kaifi-kaifi, ba ta rafi mai santsi ba, a tankaɗe ta a wanke. Ware iri biyu: mai kusan giram 10 da mai kusan giram 30. Hanyar sani ita ce a auna guda 50 a raba. A jera ta a ƙarshen kwamin har tsayin santimita 30, gindinta ya fito santimita 45. A gwada. A baje ta ta fito 60, a gwada, sannan 90. Za ka ga adadin yana sauka duk lokacin da gangaren ya ƙara kwanciya, domin igiyar tana karyewa a kansa, ruwa yana shiga ramukan duwatsu yana rasa ƙarfi. Idan misali ka sami babba 4 ƙarami 2, adadin 0.33 ne. Kada ka raina wannan: ƙarfin igiya da tsayinta sau tsayinta yake tafiya, don haka 0.33 na nufin kusan kashi 11 cikin 100 ne kawai na ƙarfin ya dawo.

Sai a duba ko duwatsun za su zauna. Shafa wa tsakuwar fenti layi-layi, ja a saman ruwa, fari a daidai fuskarsa, shuɗi a ƙasa. Buɗa katakan allo ninki biyu don a sami igiyar hadari, a tura, a huta, a sake turawa sau da yawa. Idan ka ga fari ya gangaro cikin shuɗi, dutsen ya yi ƙanƙanta. A nan akwai abin da ya kamata kowa ya riƙe: idan tsayin igiya ya ninka sau biyu, nauyin dutsen da zai jure ta sau takwas yake ninkawa. Shi ya sa a bakin teku, inda dutse mai girman da ake buƙata ke wuyar samu, aka koma zuba na kankare masu ƙafafu da ke sarƙe juna, irin tetrapod da aka ƙirƙiro a Faransa a 1950 da dolos na Afirka ta Kudu a 1963. Mu igiyarmu ba ta kai nan ba, dutsen da mutum ɗaya ko biyu za su ɗaga yakan wadatar, amma kwamin ne zai faɗa maka wanne.

Kada ka bar wannan gwajin ma: yi tudun yashi, ka rufe shi da manyan tsakuwa kai tsaye, ka tura igiya. Yashin zai riƙa tsiyayowa ta ramuka, tsakuwar ta nitse. Sake yi, amma ka shimfiɗa ƙyalle ko ƙananan tsakuwa a tsakani. Yashi ba ya bin lissafin ragewa sau 9, don haka ba adadi ake nema a nan ba, gani da ido ne. Duwatsu da yawa da ake zubawa a gaɓa suna ɓacewa cikin damina ɗaya ko biyu saboda rashin wannan shimfiɗa.

Bango mai huda shi ne na biyu, dabarar da wani injiniya mai suna Jarlan ya fito da ita a Kanada a 1961. Ya dace da inda ake son jirgi ya matso har jikin bango. Huda allo da ramuka masu faɗin santimita 2, tazarar santimita 4 daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa, wanda ya ba da buɗaɗɗen wuri kusan kashi 20 cikin 100. Kafa shi santimita 10 a gaban bangon ƙarshe, sannan 15, sannan 18. Daga nan kai shi 36, rabin tsawon igiya, ka ga yadda zai kusan daina aiki, saboda a daidai nan ruwa sama da ƙasa yake yi, ba ya ratsa ramukan. Wannan ne rauninsa: da tsawon igiya ya sauya, aikinsa ya sauya.

Buhunan yashi a ɗinka ƙanana da ƙyalle. Kejin waya mai cike da duwatsu a kwaikwaye shi da ragar kaji. Duk hanyar awo ɗaya ce.

Tayoyi masu iyo dabansu ne. A yanka tiyo a naɗe shi zobe-zobe a ɗaure su kamar tabarma da ɗan soso a ciki, a ɗaure da zare a tsakiyar taga. A bar gangaren tsakuwa mai santimita 90 a ƙarshe. Abin da ake aunawa a nan tsayin igiya a bayansu ne, a raba da na gabansu. Za ka ga layi ɗaya ko biyu ba sa yin komai, igiya ɗaga su kawai take yi ta wuce. Sai faɗin tabarmar ya kai wajen rabin tsawon igiya ko fiye ake ganin bambanci, wato mita 3 zuwa sama a bakin ruwa.

Ciyawa ma tana rage igiya, ana iya gwada ta da tsinken tsintsiya a soke a allo. Amma ina roƙo, kada wannan ya sa wani ya dasa kachala. Mutanen Haɗeja da Guri da Kirikasamma sun san yadda ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. In ciyawa ake so a saman gaɓa don riƙe ƙasa, jema ta fi.

8. Mayar da sakamako zuwa kuɗi da aiki

Jera adadin da ka samu, kowanne a gefensa ka rubuta abin da zai ci. Wanda ya fi ƙanƙantar adadi ba lallai shi za a ɗauka ba. A misalinmu gaɓar tana da tsayin mita 2.7, wato santimita 30 na kwami sau 9. Gangaren da ya fito 60 a kwami, idan aka rufe shi da dutse mai kaurin rabin mita, zai ci kusan kubik mita 3 na dutse a kowace mita ta gaɓa, wato 60 a tashar mai faɗin mita 20. Wanda ya fito 90 zai ci kusan 85. Idan bambancin da ke tsakaninsu a kwami kaɗan ne, ƙarin 25 ɗin nan asara ce. Tambayi direban tifa nawa motarsa ke ɗauka da kuɗin sawu ɗaya har bakin ruwa, ka kuma tambaye shi ko hanyar tana shiguwa bayan ruwan farko.

Yanzu koma kan bayanin hawa da saukar ruwa. Idan gaɓar tana ja da baya da nisa a bazara, dutsen da aka jera a layin Satumba zai zauna a busasshiyar ƙasa rabin shekara. A irin wannan wuri ko dai a kare gaɓar sama kawai don zaizaya, ko a koma ga tayoyi masu iyo da za a riƙa ja ana bin ruwa, da sharaɗin a ɗaure su da igiya mai ƙarfi don kada su tsinke su nufi bakin magudanar dam.

Gargaɗi: duk abin da aka gina ya kutsa cikin ruwa yana iya tura ɓarnar ga maƙwabci. Dogayen katangun dutse da aka gina a mashigar tashar Legas a farkon ƙarni na 20 sun tare yashin da ke tafiya gabas, teku ta koma cin gaɓar Bar Beach shekara da shekaru. Kwami mai faɗin santimita 30 ba zai nuna maka wannan ba, tunda igiyarsa kai tsaye take zuwa. A zauna da masu gonaki da masu shayar da dabbobi na gefe da gefe tun kafin a fara.

Haka nan mashanyi jirgin da ke tsaye yake karewa, ba wanda ke tsakiyar ruwa ba. Kifewar jirgin fasinja a madatsar Watari ta Bagwai a ƙarshen Nuwamba 2021, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, ba irin abin da dutsen gaɓa ke hanawa ba ne. Rigar kariya da ƙin yin lodi fiye da kima suna nan a matsayinsu.

9. Izini da gwajin ƙarshe a bakin ruwa

Tiga da Challawa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wasu madatsun kuma na gwamnatin jiha ne. A je da takarda ta hannun Dagaci da Hakimi, a haɗa da teburin sakamako da bidiyo a waya. Jikin ginin dam ɗin kansa, da magudanarsa, ba wurin aikin gayya ba ne ko kaɗan, kuma ba a ɗebo dutse daga jikinsa. Idan aikin ya wuce ’yar tashar kwale-kwale, a kai alƙaluman sashen injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil a duba su.

Idan izini ya samu, kada a yi mita 20 gaba ɗaya. A yi mita 5 ko 6 a inda ya fi shan duka, lokacin da ruwa ya ja baya: a gyara gangaren ƙasa, a shimfiɗa ƙananan tsakuwa, a haƙa rami a gindi a binne manyan duwatsun farko don su tokare na sama, sannan a jera sauran layi biyu. A shafa wa guda goma fenti a ɗauki hotonsu. A kafa turaku a saman gaɓa, a nan da kuma inda ba a taɓa ba, a auna nisansu da baki. Bayan damina a dawo da gorar nan mai ja da fari da tef ɗin awo, a duba duwatsun fenti ko suna inda aka bar su, sannan a yanke shawara a kan sauran mita 14 ko 15.